Ruwan Bene a Ɗakin Yaya

A bakin matar tela na fara jin maganar. Muna kan matakala, ita tana saukowa da kwandon shanya, ni ina hawa ina lallashin gwiwata. Ta toshe hanci da gefen mayafi, ta nuna ƙasa da baki.

"Malama, kin ji ko? Yaya ce. Fitsari ya fara kufce mata. Wai a kwance take sakin abinta. Tsufa dai ba shi da kirki."

"Ke kika gani?"

"Sai na gani? Ai hanci ba ya ƙarya."

Kafin a jima maganar ta yi ƙafafu. Ta hau bene ta sauko, ta fita titi, ta zauna a shagon mai aski, ta dawo da ƙari. Wani ya ce Yaya ta ruɗe, ba ta bambance ɗaki da masai. Wata ta ce ai a cikin kwanon cin abinci take yi. Na daɗe ina koyar da yara, kuma abin da aikin ya bar mini shi ne, duk lokacin da aji ya haɗa baki a kan amsa ɗaya da sauri, to daga mutum ɗaya aka kwafa. Warin dai gaskiya ne, da shi muke karyawa. Amma Yaya tsohuwa ce siririya kamar tsinke, wadda kofin shayi ɗaya ke kai ta azahar. A ce ita kaɗai ta cika gida mai hawa uku da ɗoyi, har masu wucewa suna tofar da yawu, sai dai in tanki ta haɗiye. An ce ruwa ba ya tsami banza. Na yarda. Abin da ba a faɗa ba shi ne, ba kullum wanda ya fi kusa da tulun ne ya tsamar da shi ba. Na ce bari in sauka in ba idona haƙƙinsa.

Yaya yayar maigidan ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidan mahaifinsu aka rushe aka tayar da benen, ta bar masa rabonta bisa alkawarin ɗaki har ƙarshen ranta. Mu muna ce masa Alhaji, ita tana ce masa Auta. Shi da iyalinsa ke hawan ƙarshe, mu 'yan haya muna tsakiya da gaban ƙasa, ita kuma aka ba ta ɗakin baya a lungu. Alhaji ba ya zama a majalisa a tashi bai ambaci ɗakin nan ba. "Da haya na ba da shi, da an ga kuɗi," yakan ce. "Amma ɗan'uwa rabin jiki." Sai a yi ta sa masa albarka.

Gidan kuwa kyan ɗan maciji gare shi. Tayil mai sheƙi har bango, kan famfo ruwan zinare, madubi a kowane banɗaki. Dillalin da ya kawo ni ya yi ta murɗa famfo yana kashewa, kamar shi ya ƙirƙiro ruwa. Ban tambaye shi inda ruwan ke zuwa bayan ya shige rariya ba. Ba wanda ke tambaya.

Na sami Yaya a ƙofar ɗakinta tana wanke sallaya a bahon roba. Wata sallayar tana kan igiya, ba ta bushe ba.

"Sannu da aiki, Yaya. Wanki da sanyin safiya haka?"

"A'a, Malama ce? Tsaya nan, bari in fito miki da kujera."

Na yi kamar ban ji ba, na ɗaga labule na shiga. Ɗaki tsaf. Kwanuka a jere, akwati a kan bulo, tsintsiya a bayan ƙofa. Sai dai simintin ƙasa ya yi duhu da danshi, katifa a jingine ta sha ruwa ta yi nauyi. Bangon baya, daga ƙasa zuwa gwiwa, ya yi baƙi da funfuna, fenti ya kumbura kamar ƙunar wuta. Na danna wani kumburi da yatsa, ya fashe, ruwa ya biyo hannuna. Na shinshina. Akwai zarni, ba shakka. Akwai kuma ƙamshin sabulun wanka mai tsada, irin wanda Yaya ba ta taɓa saya ba.

"Tun yaushe abin nan?"

Ta tsaya a bakin ƙofa tana matse hannu a zane. "Tun da gidan ya cika da mutane. Da fari na ce wa Auta bangon nan yana zufa. Ya ce sabon gini haka yake, siminti ne ke amayar da ruwansa. Da wari ya fara, matarsa ta sauko ta ɗaga katifata, ta ga ƙasanta sharkaf. Kallona kawai ta yi."

"Ke fa, me kika ce?"

"Na rantse mata. To amma Malama, mutum yana sanin abin da ya yi cikin barci? Kowa ya ce ni ce. Ni dai salla ce ta dame ni. Ban san inda ke da tsarki a ɗakin nan ba. Ban san ko ni kaina ina da shi ba."

Muna cikin haka sai ga matar Alhaji, wadda muke kira Hajiyar Sama, ta taho tana takawa da kan yatsu, da kaskon turare a hannu ɗaya da babbar leda a ɗayan. Ba ta shigo ba. Daga nesa ta miƙo.

"Yaya, ga shi na ƙaro miki. Famfas ne irin na manya. Alhaji ya ce kada a duba tsadarsa. Kuma kin tuna abin da muka yi da ke, daga la'asar ba shan ruwa."

"Likita ne ya ce?" na tambaye ta.

"Haba Malama, sai a kai wa likita sirrin gida? Kakata ma haka ta yi kafin ta rasu."

"Ita kakar taki, akwai banɗakuna a saman kanta?"

Ta yi dariya ta ce ni dai ba na rasa abin faɗa, ta ajiye kaskon a ƙasa, ta koma sama inda iska ke kaɗawa.

Daga nan kwanakin Yaya suka yi ta ƙanƙancewa. A da matan gidan ita suke bar wa jarirai in za su kasuwa, lungunta ba ya rabo da kukan yaro da dariyarsa. Ɗaya bayan ɗaya suka janye, kowacce da hujjarta, wannan yaronta na mura, waccan uwarta ta zo. Aka hana 'ya'yan Alhaji saukowa wurin gwaggonsu. Aka ware mata kwano, mai aiki ta kawo ta dire a ƙasa ta juya da gudu. Ita kuwa ta riƙe dokar ruwa kamar farilla, har ta ƙara da nafila, tun azahar take kife kofi. Leɓenta ya tsage, muryarta ta shaƙe. Tsakanin yatsun ƙafarta ya yi fari ya fara tsagewa saboda taka danshi. In tana magana da mutum, hannunta na bayan zane, tana shafawa a ɓoye ta ji ko ya jiƙe. Famfas ɗin take sawa, ta cire shi a bushe, ta ce wataƙila ta gefe ya bi.

Ni kuma na koma sauraren bango. Banɗakina daidai saman ɗakinta yake, na Alhaji kuma daidai saman nawa. Da safe in 'yan aiki da 'yan makaranta suka yi layin wanka, bangon yana gurnani kamar cikin mai yunwa. A lokacin ne ƙasan ɗakin Yaya ke ƙyalli. Ranar da famfo ya ɗauke, sai ya tsane. Na faɗa wa matar tela, ta ce ai in ba ruwa a famfo tsohuwar ma ba ta samun na sha.

Sai na sayi bula ta wanki a shagon bakin titi. Na bari gida ya watse da hantsi, na dama ta a bokiti har ta yi kauri, na juye a rariyar banɗakina, na bi ta da wani bokitin. Na sauko na ce wa Yaya hira na zo. Muka zauna a kan akwati, ta ba ni labarin rijiyar gidansu ta da, wadda aka cike lokacin gini, ta ce a nan daidai inda muke zaune take, ruwanta sanyi ko da bazara. Ba ta kai ƙarshen labarin ba idonta ya faɗa ƙasa. Daga gindin bango wani siririn zare mai shuɗi ya ɓullo, ya yi faɗi, ya gangaro a hankali ya kewaye ƙafar kujera.

"Yaya," na ce, "sai dai in bula kike sha a ɓoye."

Na gaya mata abin da na yi. Ta daɗe tana kallon ruwan. Ta sunkuya ta taɓa shi, ta duba yatsanta, ta sake taɓawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba.

"Malama, miƙo min kofin can," ta ce.

Na cika mata daga tulu. Ta shanye, ta sake miƙowa.

Na ɗauka an gama. Gani ya kori ji, in ji masu magana. Su ma ba su zauna a gidan haya ba.

Na hau wurin Alhaji da tsumman da na goge ƙasan da shi, shuɗi shar. Ya saurare ni da natsuwa, yana jan carbi, yana girgiza kai a inda ya dace.

"Ikon Allah. Wallahi yanzu nake ji. Bari a kira wanda ya yi aikin."

Mai aikin famfon wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai fara'a, wanda unguwa ke kira Ba-Matsala, domin ko gobara ka gaya masa da ita zai amsa. Ya zo ya ƙwanƙwasa bangon Yaya da bayan sufana, ya kasa kunne kamar mai sayen kankana, ya ce, "Ba matsala. Haɗin ne ya saki."

"Wane haɗi?" na ce.

"Kin gane, Malama, ruwan banɗakunan nan duka ta cikin bangon nan yake saukowa. Bututun da ake sawa a irin wannan wuri mai faɗi ne, kamar cinya, mai kauri. To da aka je kasuwa aka ji kuɗinsa, sai aka dawo da wanda bai wuce damtse ba, mara nauyi, irin wanda in ka taka zai ce ƙaras. Gwiwoyin haɗi da gam ma aka ce a ɗan dakata da su. Sai muka yi dabara. A kunna takardar buhun siminti, a gasa bakin bututu ya yi laushi, a cusa ɗan'uwansa a ciki. Ai yana riƙewa."

"Har yaushe?"

"Har a shafe bango."

"Ramin da ruwan ke tafiya fa?"

"Sokawe? Yana bayan bangon nan. Mun fara tono muka ci karo da dutse a daidai ƙugu. Masu fasa dutse suka faɗi kuɗinsu, aka ce ai ƙasa tana shan ruwa da kanta. Tana sha kuwa. In ta ƙoshi sai ta dawo da saura."

Alhaji bai ji kunya ba ko kaɗan. Fuskarsa ta mai ba da darasi ce.

"Malama, ke ba ki taɓa gini ba. Ka tambayi siminti da safe, ka koma da yamma ya kumbura kamar ana hura shi. Rodi kuwa sai ka ce da zinare aka narka shi. Yashi ma, yashin Allah, yanzu sai mai hali. Dole mutum ya zaɓi inda zai zuba kuɗinsa. Ɗan haya tayil yake gani. Kin taɓa jin wanda ya ce a fasa masa bango ya ga bututu kafin ya biya? Ke kin ce?"

"Ban ce ba. Yanzu nake cewa. Mene ne gyaran?"

Ba-Matsala ya ce hanya biyu ce. Ko a fasa bangon tun daga banɗakin Alhaji har ƙasa, a cire tayil, a sa bututun kirki da gam, a fasa dutsen a zurfafa rami. Ko kuma a bar komai yadda yake, a tona sabon rami a cikin ɗakin nan, tunda tsohuwar rijiya ce, ƙasarta laushi, duk abin da ya yoyo ya faɗa ciki abinsa.

"Allah ya kiyaye in taɓa ɗakin Yaya," in ji Alhaji. "Yayata guda a duniya." Ya ja carbi kaɗan. "Amma dai, don sani kawai, tsakanin biyun akwai nisa?"

"Kamar sama da ƙasa, Alhaji."

Alhaji ya ce za a yi na farkon, in sha Allahu, da zarar kaya sun sauko a kasuwa. Ni dai tun ina yarinya nake jin kaya za su sauko, har yau ban ga wanda ya tarye su a hanya ba. Da zan fita ya rako ni bakin matakala, ya sassauta murya.

"Malama, ke babba ce, kin san a bar kaza cikin gashinta. In 'yan haya suka ji bututu ne, kowa zai ce a rage masa, wasu su tashi. In gidan ya mutu ita Yayar wa zai ciyar da ita? Kuma ga shekararki ta kusa zagayowa, ni ba na son in ƙara miki komai."

Na gode masa da wannan ƙauna, na sauko na faɗa wa duk wanda na haɗu da shi. Na ɗauki tsumman ɗaki ɗaki kamar mai talla.

Abin da na koya shi ne, mutane ba sa sakin ƙaryar da ke yi musu aiki. In Yaya ce, to aikin kowa toshe hanci ne da tausayi. In bututu ne, to kowane wanka da kowane juye bokiti a kan tsohuwa yake sauka, kuma sai an yi faɗa da maigida.

"To wanka za mu daina, Malama?" in ji matar tela. "Kuma ma ai biyun suna iya haɗuwa. Bututu na yi, ita ma tana yi."

Direban da ke ɗakin gaba ya ce shi ba ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Ma'aikacin banki ya ce zai rubuta wa Alhaji takarda mai zafi, ya tambaye ni ko zan sa hannu ni kaɗai tukuna. Hajiyar Sama ta ce tsofaffi biyu sun haɗa kai, ɗaya na jiƙa ɗaki ɗaya na rina shi. Dillali kuwa da kunnena na ji shi yana gaya wa wasu sababbin ango da amarya, da suka tsaya suna shaƙar iska a tsakar gida, cewa warin na ɗan lokaci ne.

"Wata tsohuwa ce a baya, 'yar'uwar maigida, yake riƙe da ita saboda Allah. Jikin ya yi nisa. Kun gane dai."

Suka gane, suka biya.

Ni na koma wanka a baho, in sauko da ruwan in zubar a kwata. Bokitina ɗaya bai rage komai ba, sai dai ya ƙara wa gwiwata ciwo. Na ce wa Yaya ta dawo ɗakina, ta ƙi. Ta ce in ta fita daga ɗakin nan ta fita daga gidan ubanta, kuma ta san ba za a bar shi a buɗe yana jiran ta ba. Na ce to ta kira dangi, ta nuna musu bangon, ta faɗi alkawarin da aka yi mata.

"In kai ƙarar Auta?" Ta yi murmushi, tari ya katse ta. "Malama, ni na goya shi. Ba yau ya fara jiƙa ni ba."

"Lokacin bai san abin da yake yi ba."

"Yanzu ma kuɗin ginin ne suka sha masa kai. Zai gyara. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce mata a asibiti kullum ana yi, kuma masu shi suna rayuwa. Ta ce ni dai boko ya ɓata ni.

Damina ta faɗo. Ramin bayan bango ya ƙoshi ya daina karɓa. Yaya ta ɗora katifa a kan bulo, ta ɗora akwati a kan kujera, ta koma salla a bakin ƙofa a kan wani katako. Tarin ya zauna mata a ƙirji. Ƙafafun suka kumbura, tsagar yatsun ta zama gyambo. Alhaji ya aiko mata da sabon kaskon turare da takalmin roba. Ya kuma sa aka sake fentin gaban gida.

Wata safiya ta ɗauki buta za ta yi alwala, santsi ya kwashe ta a tsakiyar ɗaki. Ni na ji ƙarar faɗuwar buta na sauko. Na same ta a kwance a cikin ruwan, ƙugunta ya bugu, ba ta iya tashi, zanenta ya jiƙe har wuya. Kafin in ɗaga ta matan gida sun cika ƙofa. Ba wadda ta dubi bango. Zanen suka duba, suka dubi juna.

Bayan an dawo da ita daga asibiti aka yi zaman dangi a falon Alhaji. Da ita aka hau a kan kujera, karo na farko da ta ga hawan ƙarshe tun da aka gama ginin. Ni ba a gayyace ni ba, na dai riƙo mata mayafi na zauna, ba wanda ya iya ce wa furfura ta fita. Kawunsu, wani dattijo mai nauyin ji, shi ya buɗe taro da yabon Alhaji, ya ce a zamanin nan samun ƙanin da zai riƙe yayarsa a irin wannan hali sai an tona. Alhaji ya sunkuyar da kai don tawali'u. Ya ce shi ba gajiya ya yi ba, amma Yaya tana bukatar iska da mai kula da ita dare da rana. Akwai 'yar wani ɗan'uwansu a bayan gari, tana da ɗaki a tsakar gida, shi zai riƙa aika abin da ya sawwaƙa.

Na ce, "Kawu, bututu ne ya fashe a bangon ɗakinta."

"Na'am?"

"Bututu."

"Amin, amin," in ji Kawu. "Allah ya ba shi lada."

Aka tambayi Yaya ko tana da magana. Ta dubi tayil ɗin falon, ta dubi fitilar da ke reto a sama, sannan ta dubi ƙaninta.

"Auta, ɗakin na bar maka. Abu ɗaya nake so. Ka faɗa a gaban mutanen nan cewa ba ni ba ce."

"Haba Yaya. Wa ya ce ke ce? Ni kin taɓa jin na faɗa da bakina?"

"Ba ka faɗa ba. Ka faɗi ɗayan."

"Yaya, ki bar tayar da abin da ya wuce. Lalura ai ba abin kunya ba ce. Kowa zai tsufa."

Hajiyar Sama ta share ƙwalla. Kawu ya shafa fatiha.

Aka sa ta a bayan mota da akwatinta da kwanukanta. Hajiyar Sama ta shimfiɗa leda a kujerar kafin a zaunar da ita. Yaya ta ga ledar, ta zauna a kai. Matan gida suka fito rakiya, kowacce tana cewa a yafi juna. Matar tela har da kuka.

Motar ba ta daɗe da fita layin ba Ba-Matsala ya iso da masu diga da shebur, kamar a kwanar layin suke jira. Suka fasa simintin ɗakin, ƙasa ta buɗe musu ba gardama. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, ya ɗago daga rami yana share gumi.

"Malama, kin ga? Ba matsala. Ai tun farko nan ya kamata ramin ya zauna."

"Tun farko?"

"Tun ranar da za a shafe bangon nan na gaya wa Alhaji. Na ce haɗin bututun da aka gasa da wuta ba ya shekara, kuma ramin baya ba shi da zurfi, duk abin da ya sauko nan zai taru. Na ce ɗakin nan kada a sa mutum, a bar shi na ajiyar tarkace. Ya ce shi ma ya san ba zai ba ɗan haya ba, ɗan haya zai kai shi ƙara. Ya ce Yaya zai sa, ita ba ta da surutu."

Ya tofa yawu a tafin hannu ya koma tono. Da suka gama aka zuba kankare a kai, aka toshe ƙofar da bulo, aka fitar da wani dogon bututu ta taga don iska. Wari ya ragu. A majalisa aka ce tun da tsohuwar ta tafi gida ya yi daɗi.

Yaya ba ta taɓa jiƙa shimfiɗarta ba. Ruwan banɗakin ƙaninta ne, da nawa, da na sauran 'yan haya, yake fita ta haɗin bututun da aka gasa da takarda, ya taru a ɗakinta. Alhaji ya san haka kafin ya miƙa mata makulli. Rabonta na gidan mahaifinta yanzu shi ne ramin da ƙazantar benen ke sauka.